MU ZAGA DUNIYA: Mutanen Latino Na Ƙasar Amurka

A wannan wata za mu ƙetare teku mu tafi Amurka. Amma ba wurin Turawa za mu sauka ba, ba kuwa wurin 'yan'uwanmu baƙaƙen fata ba. Akwai wata babbar jama'a a ƙasar wadda ba mu cika jin labarinta a nan ba, ko da yake duk wanda ya taɓa cin abinci a Amurka ya ci guminta.

Bari mu fara da abin da ya faru a birnin Baltimore ran 26 ga Maris, 2024. Bayan tsakar dare wani ƙaton jirgin ruwa mai ɗauke da kaya ya baro tasha. Can sai wutarsa ta ɗauke, ya ƙwace wa matuƙa, ya nufi ginshiƙin wata babbar gada. 'Yan sanda suka sami labari, nan da nan suka tsai da motoci ta kowane gefe, matafiya suka tsira. Amma akwai waɗansu leburori a tsakiyar gadar suna cike ramukan kwalta, saƙon bai kai gare su ba. Gada ta rushe da su, mutum 6 suka rasu. Da aka bincika sai aka tarar mutanen Meksiko ne, da Gwatamala, da Honduras, da El Salvador. Yawancinsu magidanta ne masu 'ya'ya. Mutanen gari suna barci, su kuwa suna gyara hanyar da za a bi da safe.

Waɗannan mutane da danginsu su ne ake kira Latino.

Suna Ɗaya, Kabilu Da Yawa

Latino shi ne mutumin da yake zaune a Amurka, amma asalinsa ko na kakanninsa daga ƙasashen da suke kudu da ita ne, watau Meksiko, da ƙananan ƙasashen Amurka ta Tsakiya, da tsibiran Karibiyan kamar Kyuba, da Amurka ta Kudu. Yawancin ƙasashen nan Sifaniyawa ne suka mallake su a da, saboda haka harshensu Sifaniyanci ne. Akwai kuma wani suna, Hispanic, wanda gwamnati ta fara amfani da shi bayan 1970. A ƙidayar 1980 aka fara tambayar kowane gida ko su Hispanic ne, a ta 2000 kuwa aka ƙara kalmar Latino a takardar.

Kada mai karatu ya ɗauka launin fata ake nufi. Akwai Latino fari fat, akwai baƙi ƙirin wanda aka kwashi kakanninsa daga gaɓar tekunmu a zamanin cinikin bayi, akwai kuma jikokin mutanen ƙasar na asali, kamar Maya na duwatsun Gwatamala, waɗanda waɗansunsu ko Sifaniyancin ma ba su iya sosai ba. Mafi yawa dai gauraye ne.

Wannan al'amari ba baƙo ba ne a gare mu. Wanda ya taɓa zama a Ikko ko a zangon Kumasi ya san duk mutumin da ya fito daga arewa Bahaushe ake ce masa, ko Babarbare ne, ko Banufe, ko Bazabarme, ko Angas. Daga waje aka sa masa sunan, ya amsa domin a zauna lafiya, amma a cikin gidansa ya san ko shi wane ne. Haka yake a can. Cibiyar bincike ta Pew ta tambaye su a 2019 da wane suna suka fi kiran kansu, kusan rabi suka ambaci ƙasar asalinsu. Mutumin Kyuba da yake Miami da mutumin Meksiko da yake Los Angeles, abincinsu daban, karin harshensu daban, siyasarsu ma daban.

Yadda Suka Zo

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne waɗansunsu ba zuwa suka yi ba. Sifaniyawa sun kafa garin St. Augustine a Fulorida a 1565, shekara 42 kafin Ingilishi su kafa garinsu na fari mai ɗorewa a Jamestown. Santa Fe kuwa tun 1610 take hedkwatar lardi. Teksas, da Kalifoniya, da Arizona, da Nevada, da Utah, da New Mexico duka ƙasar Meksiko ce a da. Amurka ta haɗiye Teksas a 1845, aka yi yaƙi, a 1848 Meksiko ta sa hannu a kan yarjejeniya, ta rasa kusan rabin ƙasarta. Mutanen da suke zaune a wuraren nan suka kwana a Meksiko suka tashi a Amurka. Jikokinsu sukan ce ba su ne suka tsallake iyaka ba, iyaka ce ta zo ta tsallake su. Mutanen Katsina da na Maraɗi za su gane maganar ba sai an yi musu bayani ba. Har wa yau sunayen biranen suna ba da shaida: Los Angeles ma'anarsa mala'iku, Santa Fe kuwa bangaskiya mai tsarki.

Tsibirin Puerto Riko ya faɗa hannun Amurka a 1898, a 1917 aka mai da mutanensa 'yan ƙasa. Su ba su bukatar biza. Yanzu waɗanda suke zaune a jihohin Amurka sun fi waɗanda suka rage a tsibirin yawa. Mutanen Kyuba sun fara kwararowa bayan juyin mulkin Fidel Castro na 1959, a 1980 kaɗai mutum wajen 125,000 suka ƙetaro cikin jiragen ruwa daga tashar Mariel. Na El Salvador da Gwatamala yaƙin basasa ne ya koro su, musamman daga 1980. A shekarun baya bayan nan kuma ga na Benezuwela, waɗanda lalacewar tattalin arziki ta fitar da su daga gida.

Labarin 'yan ci-ranin Meksiko shi ne ya fi tsaya mana a rai. Bayan 1929, sa'ad da kasuwa ta faɗi aiki ya yi wuya, aka kwashe dubban ɗaruruwan mutane aka mai da su Meksiko, da yawa daga cikinsu kuwa haifaffun Amurka ne. Ba a jima ba Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe samari, gonaki suka rasa ma'aikata, sai a 1942 aka koma ana roƙon Meksiko ta aiko da hannu. Wannan shiri, wanda ake kira Bracero, ya kai har 1964, an kuwa ba da takardun ƙwadago fiye da miliyan 4. Ka ji halin: ran da ake bukatar mai noma a kira shi, ran da tuwo ya yi kaɗan a nuna masa ƙofa. Za mu ga wannan hali bai ƙare ba.

Yawansu

A ƙidayar 1980 an sami 'yan Latino miliyan 14.6. A 2000 sun kai miliyan 35, a 2010 miliyan 50, a 2020 miliyan 62, a 2023 kuwa sun wuce miliyan 65. Watau kusan mutum ɗaya ke nan cikin kowane biyar. In aka zo kan yara, ɗaya ne cikin huɗu. Wajen kashi 60 cikin 100 asalinsu Meksiko ne. A Kalifoniya da Teksas sun kai kusan kashi 40 cikin 100 na jama'a, a New Mexico kuwa saura kaɗan su kai rabi.

Ga wani lissafi da ya kamata a riƙe, gama shi ne mutane suka fi kuskurewa. Biyu cikin uku na 'yan Latino a Amurka aka haife su. Wajen takwas cikin goma 'yan ƙasa ne cikakku. An yi shekaru da yawa yawansu yana ƙaruwa ta wurin haihuwa fiye da ta wurin shigowa. Jama'a ce ta matasa: in aka jera su bisa ga shekaru, na tsakiya bai fi shekara 31 ba, na Turawa kuwa ya haura 43. Ashe baƙon da ake ta magana a kansa, sau da yawa ɗan gari ne wanda bai taɓa ganin ƙasar kakansa ba.

Aiki Da Aike

Tafi babban kwarin Kalifoniya inda ake noman inabi da tumatir da latas, za ka tarar kusan biyu cikin uku na masu aikin gonakin Amurka a Meksiko aka haife su. Tun da asuba suke sunkuye, ana biyan waɗansu bisa ga yawan kwandon da suka cika. Tafi mayankan shanu na Nebraska, ko masana'antun fiɗar kaji na Jojiya da Arkansas, su ne. Wajen gini, kusan ɗaya cikin uku su ne. Su ne masu wanke kwanoni a bayan gidan abinci, mata kuwa suna gyara ɗakunan otel, suna renon 'ya'yan waɗansu, suna jinyar tsofaffin waɗansu.

Amma ba mu so a tashi daga nan da zaton dukansu leburori ne. Akwai likitoci, da malamai, da sojoji, da masu kantuna ba iyaka. Sonia Sotomayor, wadda iyayenta suka fito daga Puerto Riko, ta tashi a gidajen talakawa na unguwar Bronx a Niyu Yok. Mahaifinta ya rasu tana da shekara 9, mahaifiyarta mai aikin jinya ta ɗauki nauyin karatunta. A 2009 ta zama alƙaliya a Kotun Ƙoli. Ellen Ochoa ta tafi sararin samaniya a 1993. Marco Rubio, ɗan 'yan ci-rani daga Kyuba, ya zama ministan harkokin waje a 2025.

Wanda ya bar iyaye a gida ba shi kaɗai yake cin albashinsa ba. Ranar Juma'a da yamma, in an biya kuɗin mako, sai ka ga layi a ƙananan kantunan da ake aika kuɗi. A 2023 kuɗin da aka aika Meksiko ya kai dala biliyan 63, kusan duka daga Amurka. Ba masu arziki ne suka tara shi ba, gama abin da akan aika a lokaci guda bai cika wuce dala 400 ba. A El Salvador da Honduras kuɗin aike ya kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu na dukan arzikin da ƙasa take samu a shekara. Da shi ake biyan kuɗin makaranta, da shi ake sayen maganin tsohuwa. A ƙauyuka da yawa akwai gidajen bene masu fenti waɗanda aka gina da kuɗin aike, suna nan a kulle, masu su suna can su shida a ɗaki ɗaya suna jiran ranar komawa. Wata doka da aka sa wa hannu a Yuli 2025 ta ɗora harajin kashi 1 cikin 100 a kan tsabar kuɗin da aka aika waje, daga Janairu 2026.

Cikin Gida

In ka shiga gidan Latino, mai yiwuwa ne ka tarar da kaka, wadda suke kira abuela. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu suna zaune a gidan da ya haɗa manya na tsara biyu ko fiye, abin da bai cika faruwa a gidajen Turawa ba. Ita take riƙe jikoki in iyaye sun tafi aiki, ita ce kuma mai murhu.

Iyayenmu mata ba za su yi baƙunci a madafar ba. Mutanen Meksiko sukan dafa masara cikin ruwan farar ƙasa, su niƙa, su yi waɗansu faifayen waina marasa kauri da ake kira tortilla, a ci da wake da barkono. Kada mu manta, masarar da muke tuwo da ita asalinta daga Meksiko ne. Haka nan barkono da tumatir daga wannan nahiya suka zo mana, rogo da gyaɗa ma daga Amurka ta Kudu. Su ma sun karɓi namu: a Kyuba akan dafa ayaba a kirɓa, sunan abincin kuwa fufu. Har adashe suna yi, mutanen Meksiko suna ce masa tanda, da shi mutum yakan sayi mota ko ya biya kuɗin haya ba tare da ya je banki ba.

Babban bikin iyali shi ne na yarinya in ta cika shekara 15. Akan fara da addu'ar godiya a majami'a, sa'an nan a tafi wurin ci da rawa. Abin yana cin kuɗi ƙwarai, har waɗansu iyaye sukan shiga bashi, mu kuwa ba mu da bakin yi musu faɗa. Amma sun san gudummawa: wannan ya ɗauki riga, wancan makaɗa, wata ta ɗauki abinci.

Likitoci sun daɗe suna mamakin wani abu. 'Yan Latino sun fi Turawa talauci, da yawa kuma ba su da inshorar asibiti, duk da haka sun fi su tsawon rai. A 2019 lissafi ya nuna suna kai kusan shekara 82, Turawa kuwa wajen 79. An kawo dalilai: ba su cika shan taba ba, mai ƙarfi ne yake fita ci-rani, waɗansu in ciwo ya yi tsanani sukan koma gida, ga kuma dangi da ba su barin mutum shi kaɗai. Amma annobar korona ta zaftare musu wajen shekara 4 tsakanin 2019 da 2021. Dalili a fili yake. Ba a fiɗar kaza ko tsinkar inabi daga cikin ɗaki ta kwamfuta, wanda kuma ya ɗauko ciwon a wurin aiki gidan kaka yake kai shi. Zuwa 2023 lissafin ya koma sama da 81.

Harshen Kaka

Nan ne muke so iyaye su karanta a hankali.

Mutum fiye da miliyan 40 suna magana da Sifaniyanci a gidajensu a Amurka. Akwai gidajen talabijin da rediyo na harshen, akwai unguwannin da za ka yini ba ka ji Turanci ba. Wanda ya ga haka sai ya ce harshen ba zai taɓa mutuwa ba. Amma a cikin kowane gida ɗaya ɗaya, tsara uku suka ishe shi. Wanda ya zo yana fama da Turanci. Ɗansa yana jin duka biyu. Jikansa kuwa Turanci kaɗai. Binciken Pew na 2023 ya nuna uku cikin huɗu na manyan Latino suna iya taɗi da Sifaniyanci, amma a cikin jikoki ɗaya ne tak cikin uku. Sababbin zuwa ne suke riƙe da harshen a titi, ba gadon gida ba.

Yaran tsara ta biyu suna ɗaukar kaya mai nauyi. Yarinya 'yar shekara 10 ita ce tafintar gida. Ita za ta karanta takardar mai gidan haya, ita za ta amsa waya in an kira daga ofis, ita za ta raka uwa asibiti ta faɗa mata abin da likita ya gani. Ku duba fa, yarinyar da ya kamata a ɓoye mata damuwar manya, ita ce ta fara jin ta. Irin yaran nan sukan yi wayo da wuri, da yawa sukan yi ƙoƙari a makaranta, amma ƙuruciya takan wuce su.

Me ya sa iyaye suka saki harshen? Ba lalaci ba ne kaɗai. Har bayan 1960, a makarantu da yawa na Teksas da maƙwabtanta akan hori yaro in an ji ya yi Sifaniyanci, wani wuri da bulala. A Kalifoniya an ware wa yaran Meksiko makarantu dabam, sai da waɗansu iyaye suka kai ƙara. Shari'ar, wadda aka sani da sunan iyalin Mendez, ta ƙare a 1947 da nasarar iyayen, shekara 7 kafin Kotun Ƙoli ta hana wariya a makarantun ƙasar duka. Yaron da aka doka saboda harshen uwarsa ya girma ya yi alkawari ba za a doki nasa ba, saboda haka Turanci kaɗai ya yi musu a gida.

Ga shi yanzu abin ya juya. Jikokin nan ana yi musu ba'a da suna no sabo. Asalin sunan shi ne, wanda zai ce ban sani ba da Sifaniyanci mai kyau no sé zai ce, amma yaron da bai ƙware ba sai ya karya harshe ya ce no sabo. A binciken da muka ambata, fiye da rabin waɗanda ba su jin harshen sun ce 'yan'uwansu Latino sun taɓa kunyata su a kan haka. A waje ana ce masa koma ƙasarku, a gidan biki kuma ana ce masa ba cikakken namu ba ne. A ganinmu ba a yi wa yaron adalci ba, gama ba shi ya zaɓi harshen da aka yi masa magana da shi a goye ba. Abin tausayi kuwa kaka ce. Tana zaune da jika a tabarma ɗaya, tana da labarin ƙauye, da addu'o'i, da sunayen dangi, amma abin da yake shiga tsakaninsu bai wuce ci abinci, zo nan, sai da safe ba. Masu karatunmu da yawa da suka baro ƙauye suka zauna a Jos ko Kaduna, waɗanda Hausa da Turanci suka cinye harshen kakanni a bakin 'ya'yansu, sun san wannan shirun. Waɗansu matasan Latino sun fara komawa aji suna koyon harshen da girmansu, jihohi da dama kuma sun buɗe makarantun da ake koyarwa da harsuna biyu.

Maganar Takarda

Ko da yake mafi yawa 'yan ƙasa ne, akwai miliyoyi da ba su da takardar izinin zama, rashin takardar mutum ɗaya kuwa yakan hana gida duka barci. A gida guda za ka tarar uba ba shi da takarda, babbar 'ya an shigo da ita tana goye, ƙannenta kuwa 'yan ƙasa ne domin a can aka haife su. Yara 'yan ƙasa fiye da miliyan 4 ne suke da uwa ko uba marar takarda.

A 1986 Shugaba Reagan ya sa hannu a kan dokar da ta ba mutum wajen miliyan 2.7 izinin zama. A 2012 Shugaba Obama ya fito da shirin DACA domin waɗanda aka shigo da su suna ƙanana, ya ba su izinin aiki na shekara biyu biyu, amma bai mai da su 'yan ƙasa ba. Wanda ba shi da takarda yakan yi shekara 20 yana aiki, yana biyan haraji, mahaifiyarsa ta rasu a gida ya kalli jana'iza ta waya, gama in ya fita ba shi da hanyar dawowa. Hanyar shigowa ta ɓoye ma mutuwa ce. A Yuni 2022 aka tarar da wata babbar mota a gefen San Antonio cike da mutane, zafi ya kashe 53.

A 2025 gwamnatin Shugaba Trump ta tsananta kame. A watan Yuni aka yi ta kama mutane a Los Angeles, a wuraren wankin mota da inda 'yan ƙwadago suke tsayawa da safe neman aikin yini. Wani alƙali ya hana a tsai da mutum don kamanninsa, ko harshensa, ko irin aikinsa kaɗai, amma a watan Satumba Kotun Ƙoli ta ɗage hanin, alƙaliya Sotomayor tana cikin waɗanda suka ƙi yarda. Haifaffun ƙasa suka fara yawo da fasfo a aljihu. Iyaye marasa takarda suka yi ta zuwa wurin lauyoyi suna rubuta sunan wanda zai riƙe musu 'ya'ya in an tafi aiki ba a dawo ba.

Kada dai a zaci bakinsu ɗaya a kan wannan. A zaɓen 2024 kusan rabin 'yan Latino da suka jefa ƙuri'a Trump suka zaɓa, da yawa saboda tsadar abinci da haya, waɗansu kuwa suna cewa su sun bi layi, kowa ma ya bi. Wajen rabin dakarun da suke tsaron iyakar ma 'yan Latino ne. Akan sami gidan da ɗa yake sanye da kakin tsaron iyaka, kawunsa kuwa yana ɓuya.

A Majami'a

A da in aka ce Latino an ce Katolika. A 2010 kashi 67 cikin 100 ne, amma zuwa 2022 sun ragu zuwa 43. Wajen kashi 21 Furotesta ne, da yawa a ƙananan majami'u na Fentikos da aka buɗe a tsofaffin kantuna, inda fasto yakan yi aikin gini da rana ya yi wa'azi da dare. Waɗanda suka ce ba su bin kowane addini kuwa sun tashi daga kashi 10 zuwa 30, da yawansu matasa haifaffun Amurka. Ga sabon zuwa, majami'a ita ce masauki na fari: a can zai ji inda ake neman ma'aikaci, a can zai sami ɗakin haya da wanda zai cike masa takarda. Shi ya sa abin ya girgiza mutane a Yuli 2025, sa'ad da Bishof Alberto Rojas na San Bernardino ya sanar cewa duk wanda yake tsoron kame an ɗauke masa wajibin zuwa sujadar Lahadi.

Al'adar da ba su sake ba ita ce ta Kirsimati, wadda mutanen Meksiko da Gwatamala suke kira Las Posadas, watau masaukai. Daga 16 zuwa 24 ga Disamba, dare tara, jama'ar unguwa sukan fito da kyandir, a sa yara biyu gaba a matsayin Yusufu da Maryamu. A je ƙofar gida a roƙi masauki da waƙa, na ciki su amsa da waƙa cewa babu wuri. A wuce gida na biyu, haka. Sai a gidan da aka shirya ne ake buɗe ƙofa, kowa ya shiga, a yi addu'a, a raba tamales, wani irin dafaffen ƙullin masara da nama da ake naɗewa cikin ɓawon masara kamar alala. An yi shekaru ana yin irin wannan taro a bakin shingen da ya raba San Diego da Tijuana, rabin jama'a ta wannan gefe, rabi ta wancan, ana kiran sunayen waɗanda suka mutu a hanya cikin shekarar.